Mabuɗi a Aljihun Shuɗiyar Riga

Ranar Alhamis, sha bakwai ga watan Oktoba, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wani ɗan ikilisiyarmu mai kantin tufafi ya kira Baba Irmiya maƙaryaci a tsakiyar kasuwa. Kun san Baba Irmiya, shi ne yake kaɗa mana ƙararrawa tun kafin a yi wa ɗakin sujadan nan rufin kwano. Laifinsa ɗaya ne, ya mayar da rigar da ya saya domin ya tarar da aibi a cikinta. Ni Malam Barnaba, da na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, ina wurin, na kuwa rubuta ranar da lokacin a littafina. Yau Lahadi ta huɗu ke nan ana ce mini, "Malam, a bar maganar." Ba zan bar ta ba. Darasinmu na yau misali ne, ku kasa kunne.

Akwai wani mutum manomi, wanda Allah ya sa wa gonarsa albarka a wata shekara. Da ranar godiyar kaka ta gabato, sai ya ce a ransa, "Shekara bakwai ina shiga sujada da riga ɗaya. Bana zan kai baikona na amfanin gona cikin sabuwa." Ya tashi ya tafi kasuwa.

A garin kuwa akwai wani mai kanti, mutum mai yawan zato. In mai saye ya daɗe yana duban kaya, sai ya ce ɓarawo ne yake auna hanya. In ya yi sauri, sai ya ce da abin da ya ɓoye. A bisa ƙofarsa ya rataye allo, an rubuta da manyan baƙaƙe: KAYA IN YA FITA, BA YA DAWOWA. A kwanakin nan zatonsa ya ƙaru, gama mabuɗin akwatinsa ya ɓace. Har ya daina gaida wata tsohuwa da take sayar da daddawa a bakin kantinsa, domin yana tsammani ita ta ɗauke.

Manomi ya ga wata shuɗiyar riga a ninke cikin leda, ta kwanta masa a rai. Ya miƙa hannu zai warware ta ya duba.

Mai kanti ya riƙe hannunsa ya ce, "A'a, ninkin kamfani ne. In ka warware ba ka saya ba, wa zai ninke mini?"

Manomi ya ce, "To, in na je gida na ga ba daidai ba fa?"

Mai kanti ya yi murmushi ya ce, "Haba, ai mu 'yan'uwa ne. Ɗauki abinka."

Ku lura, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Manomi kuwa ya biya, ya tafi gida da murna.

Da matarsa ta warware rigar a tsakar gida, ga tabon man ja a ƙirji kamar tafin hannu, an ninke shi ta ciki. Wuyan rigar kuma ya yi duhu da gumi. Ta ɗaga ta sama, ta juya ta, ta ce, "Maigida, ai wannan rigar ta riga ka cin biki."

Kashegari ranar babbar kasuwa ce, mutanen ƙauyuka sun cika gari. Manomi ya kai rigar, ya yi sallama, ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, dubi abin da na tarar. Ka musanya mini da wata."

Mai kanti bai dubi tabon ba. Ya nuna allo da yatsa. Sa'an nan ya fito waje ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku zo ku gani! Na san irinku. Ku sayi riga, ku ci biki da ita, ku shafe hannu a ƙirji, gari ya waye ku dawo mini da ita kuna marairaicewa."

Manomi ya ce, "Ban sa ta ba. Ko kaina ban zura ba."

Mai kanti ya ce, "Maƙaryaci!"

Mutane suka taru, suna duban manomi daga hula har takalmi. Wani ya ce, "Kai, ga shi kamar mutumin kirki." Wani ya ce, "Ai mugu ba shi da kama." Waɗansu kuwa, da suka ji wannan, suka ɗauki kayansu suka kama hanyar ƙauyukansu da labarin a bakinsu.

Mai kanti ya ga jama'a suna bayansa, sai ya ƙara ƙarfi. Ya ce, "Wanda ya ci biki ba ya rasa guntun goro ko ɓawon gyaɗa a aljihu. Ku tsaya ku ga shaida." Ya zura hannu cikin aljihun rigar, ya lalubo wani abu, ya ɗaga shi sama kafin ya duba. Ga shi kuwa mabuɗi ne, ɗaure da jan zare.

Ya tsaya yana kallonsa. Amma mai zato ba ya rasa wanda zai zarga. Sai ya yi ihu ya ce, "Mabuɗina! Ashe ma ɓarawo ne!"

Sai tsohuwa mai daddawa ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta ce, "Ɗana, yau kwana nawa da ɓatan mabuɗin nan?"

Ya ce, "Kwana goma sha biyu."

Ta ce, "Haka ne, gama kowace safiya kana ƙirga su a kunnena. Mutumin nan jiya ya fara taka kantinka. Kwana goma sha biyu da suka wuce kuwa, ranar sunan ɗan ƙanenka ce. Na gan ka ka fita cikin shuɗiyar riga kana taƙama, ka dawo cikin tsohuwar taguwarka da ƙunshi a hammata. Mabuɗi ba shi da ƙafa. Inda ka sa shi, nan ya kwana."

Mai kanti ya shiga ciki ya ja ƙofa. Waɗanda suka rage suka watse suna dariya. Amma waɗanda suka tafi tun farko ba su ga mabuɗi ba, "maƙaryaci" kawai suka ji, shi kuwa suka kai gida.

A rana ta uku, da tsakar rana, sa'ad da mutane suke gona, mai kanti ya bi ta bayan gari ya zo gidan manomi da sabuwar riga a hammata. Ya ce, "Ga wannan, ta fi waccan kyau. A bar maganar tsakaninmu."

Manomi ya ce, "Jiya matata ta je rijiya, mata suka yi shiru har ta gama ɗiba. A ƙauyen surukaina ana ce da ni mai bikin rigar aro. Riga ka kawo, na gani. Sunana fa, yana cikin ledar?"

Mai kanti ya sake miƙa masa rigar.

Manomi ya ce, "A kasuwa ka ƙwace shi. A kasuwa za ka mayar mini, sa'an nan in karɓi riga."

Mai kanti ya koma da rigarsa ta hanyar da ya zo. Ranar godiya kuwa, manomi ya kai baikonsa cikin tsohuwar rigarsa mai faci.

Ma'anar wannan misali ita ce. Ninkin nan da aka hana a warware shi ne kowace dabara da muke ɓoye aibi da ita, a kanti ne, ko a gona, ko a bakin ma'auni. Mai saye yana da hakkin ya ga abin da yake saye. In an hana shi gani, sa'an nan ya tarar da aibin da yake ciki tun kafin ya taɓa, yana da hakkin ya mayar, a musanya masa ko a ba shi abinsa. Allon da mutum ya rubuta da hannunsa ya rataye a ƙofarsa ba ya mai da zamba ta zama ciniki. Allah da yake ƙin ma'aunin algus ba ya tsayawa a ƙofa ya karanta allo, cikin ninkin yake dubawa.

Kada masu kanti su ce na ɗauki gefe. Na sani akwai masu sayen riga su ci biki da ita su mayar. Wannan sata ce, wanda yake yinta a cikinmu ya tuba. Amma don wani ya cuce ka jiya, ba ka da iko ka kira na yau maƙaryaci ba ka bincika ba. A aji ban taɓa ja wa ɗalibi jan biro ba sai na karanta amsarsa har ƙarshe.

Ku kuma yi tunani a kan mabuɗin. Me ya sa mai kanti ya san yadda ake cin biki da riga a mayar? Domin shi ya yi. Sau da yawa abin da mutum yake zargin kowa da shi, a aljihunsa yake. Ya zargi tsohuwa, ya zargi manomi, bai taɓa laluba nasa ba. Kafin ka zura hannu a aljihun ɗan'uwanka a gaban jama'a, ka tambayi kanka ko abin da zai fito naka ne.

Allon nan kuwa ba ƙarya aka rubuta a kansa ba, wurin ratayewa aka kuskure. Riga tana fita ta dawo. Magana ce in ta fita ba ta dawowa, gama zarar bunu ce. A baki ya kamata a rataye shi.

Yanzu na dawo kan namu. Ɗan'uwanmu mai kanti ya riga ya yarda a gaban dattawa biyu, a ɗaki, ƙofa a rufe, cewa aibin yana cikin rigar tun tana kantinsa. Ya aiki matarsa da wata riga gidan Baba Irmiya. An ce mini wai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Lahadi huɗu ke nan Baba Irmiya bai taɓa igiyar ƙararrawa ba. Yana zama a bencin baya, yana fita kafin a gama waƙar ƙarshe, domin ya ce maƙaryaci bai isa ya kira mutane sujada ba. Ku da kuke ce masa ya yi haƙuri, ya yi. Ya ce ya yafe tun a ranar. Amma gafararsa ba ta sauke wa wancan nauyin gyara ba.

Ban faɗi sunan mai kantin ba yau, domin ina so ya faɗa da bakinsa. Abin da nake nema shi ne wannan. Lahadi mai zuwa, bayan sanarwa, ya tashi tsaye a gaban ikilisiya ya ce, "Baba Irmiya bai yi ƙarya ba, ni na yi masa ƙazafi, ina roƙonsa gafara." Ranar Alhamis kuma, da ƙarfe goma sha ɗaya, ya tsaya a ƙofar kantinsa ya maimaita, da irin muryar da ya ce "maƙaryaci", ba ƙasa da ita ba. Zan zo in tsaya a inda na tsaya ran nan, da littafina a hannu. A inda aka zubar da mutuncin dattijon nan, a nan za a kwashe shi.