Layin da Habila Bai Cike Ba

Ku matso ku ji, ku da ba ku riski Jos ta da ba. A wancan zamani, in Habila ya zauna gaban piyano yana kiɗan jaz a otal ɗin bakin tasha, har masu jiran jirgin ƙasa kan shagala jirgin ya tafi ya bar su. Shekara arba'in yana kiɗa da abokai biyu kacal, burinsa kuwa ɗaya: ya yi faifai da babbar ƙungiya ta mutum goma sha biyar. Damar ba ta zo ba sai da tsufa ya kama shi.

Mutanen da yake so duk sun watse. Gambo mai begila, abokinsa tun ƙuruciya, shi ya bi su gari-gari, daga Kafanchan har Minna. Wani ya koma noma, wani ya rantse ya bar busa har abada. Gambo bai dawo ba sai da su duka.

Da suka taru, sai ga wata sabuwa. Habila bai taɓa rubuta kiɗansa ba, a ka yake riƙe da shi, kan kuwa ya fara yoyo. Yakan kai tsakiya ya tsaya yana kallon yatsunsa. Matarsa Saratu, wadda bai taɓa zaton tana saurare ba, ta ce, "Baban Ladi, ba haka yake tafiya ba." Ta rera masa kiɗa tara daga farko har ƙarshe, yadda ta yi ta jin su tana tankaɗe a tsakar gida. Habila ya yi kuka.

Ranar ɗaukar faifan kuma, da zarar jan ƙwan fitilar da ke nuna an fara ɗauka ya kama a sutudiyo, sai Habila ya rikice ya ɓata kiɗan. Sau shida ana sakewa. Istifanus mai ɗaukar sauti ya kwance ƙwan ya jefa aljihu, ya ce, "Baba, na'ura ta tsaya. Ku ɗan yi gwaji kafin in gyara." Habila ya saki jiki, ya yi kiɗan da rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Na'ura kuwa tana ta juyawa abinta.

A bayan faifan akwai layin sadaukarwa, Habila ya ce suna ɗaya tak zai sa. Ya rubuta "Domin", ya daɗe riƙe da biro, ya ce zai cike gobe. Allah bai kai shi goben ba.

To, ga biron nan a hannunku. Sunan wa za ku rubuta?