Tulun Kakarsa Baturkiya

"Duk faɗin Makka, daga Aziziyya har Mansur, babu wanda ya gaji tangaran irin nawa." Da wannan Labaran yake buɗe hira, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Shagon labule gare shi a Aziziyya, amma ransa yana ga tulunan fure na tangaran, irin waɗanda Jamusawa suka riƙa yi bayan yaƙin duniya na biyu, masu zanen layi-layi da kusurwa uku-uku. Yawancinsu a haraj ya tsinto su, wato kasuwar gwanjo. In ka ji daga bakinsa kuwa, duk gadon kakarsa ne, wata Baturkiya wai ita Jawahir. Tunda a Makka ba a rubuta suna a kan kabari, sai ƙaryar ta sami wurin kwanciya.

Gaskiyar ita ce, Labaran jikan wani Bakano ne da ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Tun yana ƙarami iyayensa suka rasu, ƙanwar ubansa, Gwaggo Ɗaso, ta goya shi a Mansur da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ita kaɗai ta rage masa a duniya. Kuma tulun da ya fi duk nasa kyau, baƙi mai zanen rawaya, nata ne. Marigayi mijinta ya sayo mata shi a Jidda lokacin jerenta.

"Aro ne fa, ɗan nan, ba kyauta ba," in ji ta ran da ya ɗauka.

"Haba Gwaggo, ni da ke?"

Ana nan sai Labaran ya haɗu da Talal, wani dattijo da masu tara tangaran suke girmamawa, wanda in ya yaba kayanka ka zama mutum a cikinsu. Labaran ya yi ta naci har ya amsa zai zo ganin tulunan ranar Juma'a bayan la'asar. Aka turare falo, aka jera dabino da gahawa. Labaran ya naɗe Hausarsa ya ajiye, ya shiga zuba Larabci.

"Wannan baƙin, ya shaikh, a kan teburin kakata yake tun a Istanbul. Furen wardi kawai ya sani."

Zumuɗi ya mantar da shi cewa kowace Juma'a Gwaggo takan kawo masa tuwo. Sai ga ta ta turo ƙofa da kwano naɗe a tsumma, tana haki.

"Labaran, zo ka karɓe ni, gwiwar nan ta ƙi yau."

Talal ya dube ta, ya dubi Labaran, ya tambaya ko wace ce.

Labaran ya yi saurin lissafi a ransa. In ya ce gwaggonsa ce, Baturkiya ta mutu a nan take. Ya yi murmushi, ya ce da Larabci, "Shaggala ce, 'yar aikin maƙwabta. Tausayinta nake ji."

Ya manta cewa matar da ta tsufa tana ciniki a titin Mansur ba ta buƙatar tafinta. Gwaggo ta tsaya cik. Ta sauke kwanon a hankali.

Talal kuwa ya ɗaga baƙin tulun, ya juya gindinsa ya duba hatimi, ya gyaɗa kai. Sannan ya kai bakin tulun hancinsa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa. Da ya buɗe baki, Hausa ce ta fito, tsab, irin ta Sakkwatawa.

"Malam Labaran, ita Baturkiyar nan taka, daddawa taka ajewa ciki?"

Tun kafin ranar Labaran ya wanke tulun nan da sabulu, ya turara shi, amma daddawar da ta shekara aru-aru a ciki ba ta san da zancen Istanbul ba.

"Uwata ma haka taka yi da nata," in ji Talal. Ya juya ya rusuna wa tsohuwar. "Ina wuni, Inna? Naki na, ko?"

"Nawa ne, ɗana," in ji Gwaggo. Ta karɓa ta rufe shi da mayafi.

"Gwaggo, ki tsaya ki ji..."

"Wace Gwaggon? Shaggala ba ta da ɗa a gidan nan. Ka ci tuwonka, kwanon ma na bar maka."

Talal ne ya riƙe mata hannu suka sauka bene. Ko gahawarsa bai sha ba. Daga ranar, duk lokacin da Labaran ya je Mansur ya ƙwanƙwasa, sai a leƙo a ce masa tana barci.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada ka ji kunyar wanda ya goya ka don neman yabon baƙo. Labaran ya ƙirƙiri kakar da ba a taɓa haifa ba, ya ƙaryata gwaggon da ta ci da shi, sai ya rasa su duka biyun a wuni ɗaya. Tulu ana samun wani a haraj. Mai kawo maka tuwo ran Juma'a da ciwon gwiwa kuwa, ba a sayar da ita a can.