Mabuɗin da Izzuddeen ya matse

Akwai wani yaro a Yalwawa, Izzuddeen, mai aikin kwamfuta a ofishin wata Madam Juliana. Suna haɗa wa manoman Ringim wata manhaja da ke aiko musu labarin ruwan sama a waya. Ni ban yi boko ba, amma sai da na sa aka warware min zancen nan tas kafin na ce a rubuta muku.

Manhajar tana da mabuɗi, ba na ƙarfe ba, rubutu ne dogo, layi bisa layi. Kwamfuta tana riƙe shi a ka ne kawai, kamar mace ta tallabo gero a zani. Dole a juye shi cikin fayil, kuma kowane layi ya zauna inda yake. In layukan suka haɗe, ƙofar manhajar ba za ta buɗe ba.

Murja, wadda aka ɗauka aiki a ofishin bayan Izzuddeen, ita ta rubuta umarnin juyewar. Ta killace mabuɗin da wasu 'yan alamomi gaba da baya don kada layuka su cakuɗe. Madam ta gwada, ta yaba mata a gaban kowa, ta ce Murja ce za ta tsaya gaban shugabannin manoma ranar da za a nuna musu manhajar.

Tun daga ranar Izzuddeen ya daina cin abinci tare da su. In Murja ta gaishe shi, sai ya amsa da hanci. A gida ma ba shi da hira sai ta yarinyar da ya nuna wa inda ake kunna inji.

Da safen ranar nuni ya buɗe aikinta. Murja ta hango shi, ta ce, "Yaya Izzuddeen, in gyara za ka yi, don Allah bar alamomin nan."

Ya ce, "Ke za ki koya min? Kina firamare na fara wannan aikin."

Ya goge nata, ya sa nasa gajere, babu killacewa. Burinsa in Madam ta duba, sunansa ta gani a kan aikin. Bai ko gwada ba.

Manoma suka iso da hantsi, dattawa da manyan riguna, aka ba su kujeru. Aka danna, ƙofa ta ƙi. Aka sake, ta ƙi. Da aka buɗe fayil, mabuɗin ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe, kamar an bi haƙoransa da guduma.

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta nemi kwamfuta ta nuna wanda ya taɓa wurin a ƙarshe, domin ashe kwamfutar tana ajiye wannan. Sunan Izzuddeen ya fito a babban allo, dattawan Ringim suna kallo.

Murja ta mayar da nata, ƙofa ta buɗe. Shi kuwa aka ɗauke shi daga aikin, aka mayar da shi gyaran firinta.

Jikana ne, ba zan ɓoye muku ba. Da ya zo yana min ƙorafi, na ce, "Ba sunanka kake so a gani ba? To, an gani."

Darasi: In ɗan'uwanka ya yi abu daidai, koya a wurinsa, kada hassada ta sa ka goge nasa don a ga naka. Ku tura wa masu jin zafin yabon da aka yi wa wani.