Ranar da Auta Ta Gyara wa Babanta Baki

Akwai wata yarinya da kowa a gidansu ke kira Auta, don ita ce ta ƙarshe a ɗakin uwarta. Yarinya ce mai tsafta da kaifin kai, ba ƙarya, ba ɗauke-ɗauke. Aibinta ɗaya ne, amma babba: ba ta iya jin mutum ya faɗi kalmar Turawa a karkace ta ƙyale shi. Ko wane ne, ko a gaban wa, sai ta gyara masa. Ni dai ban yi boko mai nisa ba, amma na san wannan ba ilimi ba ne, cuta ce.

A wurin aiki ta kwaso abin. Wani babban kanti ne na turare da man shafawa, mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura, kwalabe a jere kamar 'yan makaranta. Yawancin kayan daga Faransa da Italiya suke zuwa, sunayensu kuwa sai ka rantse don a karya wa mutum harshe aka raɗa su. Mai kula da kantin Baturiyar Ingila ce, ma'aikata na ce mata Madam. Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa takan jera su, ta ɗaga kwalba ta faɗi sunanta, su amsa. Wanda ya kuskure, sai ta ɗaga yatsa ta ce ya maimaita, har sai nasa ya yi daidai da nata. Auta ce zakara a wannan fage. Yadda Madam ke tauna suna ta haɗiye ƙarshensa, haka take yi, har da ɗage gira.

Babanta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi da akwatin gilashi a bakin titi. Mutum ne mai hira da barkwanci, kuma duk cikin 'ya'yansa Auta ce abokiyar hirarsa. Da ta dawo aiki zai ja mata kujera, ya kwashe labarin yini kaf ya zuba mata.

"Auta, yau wani ya kawo min agogo ɗan Siwizalan."

"Baba, ba haka ake faɗa ba."

"To 'yar Madam, ai mai agogon ya gane. Agogon ma ya gane, tunda ya tashi."

Sai ya yi dariya ya ci gaba da labarinsa. Uwarta ce ba ta dariya. Takan ce, "Ke Auta, bakin babanki ya girme ki. Ki bar shi yadda Allah Ya yi shi." Auta ta murguɗa baki ta wuce.

Wata rana ta zo gida da ƙamshin wani sabon turare a jikin mayafinta. Uwar ta shinshina ta ce kai, wannan ya yi. Baba ya tambayi sunansa kamar da wasa, ya riƙe a ransa. Bai gaya wa kowa niyyarsa ba. So yake ya saya wa matarsa, kuma daga hannun 'yarsa.

Da ya shirya, ya sa rigarsa mafi kyau, ya ja amininsa tela, wanda shagonsa ke kusa da teburinsa, don shi ma ya ga inda Auta ke aiki. Suka tura ƙofar gilashin nan suka shiga.

"Salamu alaikum, masu ƙamshi!" in ji Baba. "Tela, ga ta can. Ka ga yadda wurin ya karɓe ta?"

Tela ya ce, "Tubarkalla! 'Yar Baba an zama manya."

Auta ta gaishe su a gajarce, don Madam na tsaye kusa da ita, ga kuma abokan aikinta 'yan mata suna kallo.

Baba ya gyara murya ya ce, "Falandare za ki ba ni, na mamanki."

Wata daga cikin 'yan matan ta toshe baki, dariya ta kuɓuce mata. Auta ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Maimakon ta ɗauko turaren ta naɗe masa, sai ta ɗaga kwalbar, ta ɗaga yatsa, sak yadda ake yi musu da safe.

"Baba, Filandeya ake cewa. Ce Filandeya."

Ya ɗauka irin wasansu na gida ne. Ya yi murmushi ya ce, "Falande..."

"A'a. Maimaita."

Ya sake gwadawa, murya ta fara yin ƙasa.

"Ba haka ba, Baba. Ka saurara da kyau. Maimaita."

Tela ya ce, "Haba 'yar nan, ai kin gane abin da yake so. Ba shi mana."

"Kawu, nan ba bakin titi ba ne. Komai da yadda ake faɗarsa."

Baba ya cire hula ya share gumi, a cikin wannan sanyin. Bai ƙara gwadawa ba. Ya nuna kwalbar da yatsa, ya biya, ya karɓa. Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka," ya juya ya fita, tela na biye da shi.

Tela ba mugu ba ne, amma bakinsa ba linzami. Don takaici ya ba maƙwabcinsa labari, maƙwabci ya ba wani. Kafin a ankara labari ya zaga layin. Samari in za su wuce teburin Baba sai su ce, "Baba Falandare, maimaita!" Mutumin da ake ja wa kujera a layin nan ya zama abin tsokana.

A gida kuwa bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. In Auta ta dawo ta gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ta aiki, shi ke nan. Ba labarin yini, ba barkwanci. Uwar ta ajiye turaren a saman durowa, ko murfinsa ba ta buɗe ba. Auta ta ga haka, amma girman kai ya ce mata ai gaskiya ta faɗa, zai huce.

Ana nan sai kamfanin turaren ya aiko wakilinsa, wani Bafaranshe mai fara'a, don ya ga yadda kayansu ke tafiya. Ya ɗauki irin kwalbar da Baba ya saya ya faɗi sunanta ta hanci, kamar mai mura. Ko kusa bai yi kama da na Madam ba. Auta ta zuba ido tana jiran ta ga Madam ta ji kunya. Ina! Madam ta kwashe da dariya.

Ta ce, "Mu 'yan Ingila haka muke faɗa. Garuruwansu ma mun sake musu suna, su ma sun sake wa namu. Wa ya mutu?"

Bafaranshen ya ce duk ƙasar da ya je sai ya tarar an raɗa wa turaren nan sabon suna, kuma shi daɗi abin ke yi masa.

Sai a nan Auta ta gane. Ashe abin da ta tozarta mahaifinta a kansa, Madam ma karya shi take yi daidai bakinta, kuma ko a jikinta. Ashe kayan aro ta yafa, aron ma na aro.

Da aka tashi aiki ba ta nufi gida ba, teburin Baba ta wuce. Ta durƙusa a bakin titi tana hawaye.

"Baba, ka yafe min."

"Tashi, Auta, mutane na kallo. Ai tun ranar na yafe."

Ta zauna a gefensa, tana neman hanyar da za ta jawo hira. Ta ga wani agogo a hannunsa, ta ce, "Baba, wannan wane iri ne?"

Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya rufe. Ya juyo mata da fuskar agogon a hankali, ba fushi, ba gatse. Ya ce, "Karanta, 'yata. Kin fi ni iyawa."

Yanzu Auta ta girma, tana da nata 'ya'yan. Tana zuwa gaishe shi, yana sa mata albarka, yana wasa da jikokinsa. Amma in tana wurin, auna kalmominsa yake yi kamar mai magana da baƙuwa. Waccan hirar ba ta dawo ba.

To 'ya'yana da jikokina, ku ji da kunnen basira. Ba wanda aka haifa da harshen duniya duka a bakinsa. Bature ma in ya gamu da kalmar wasu, lanƙwasa ta yake yi yadda harshensa zai ɗauka, ya wuce abinsa. Ban ce kada ku koya ba, ku koya, ku iya. Amma in za ku gyara wa mutum, ku duba wane ne shi, ku duba a gaban wa. Sunan turare ba ya jin zafi in an karya shi, zuciyar uba tana ji. Magana zarar bunu ce: ana iya yafe maka, amma bakin da ka kunyata ba lalle ya sake buɗe maka kamar da ba.