Ya Kare Wanda Ya Fasa Masa Hanci

Akwai wani mutum mai suna Lachlan Orr a wani ƙaramin gari na Sikotlan, tun zamanin da ƙwallon ƙafa ke tasowa. Marini ne a masaƙa, kuma shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar garinsu, wadda ta cinye kofin ƙasar a shekarar.

Sai aka haɗa su wasan gwaji da zakarun Ingila. Ba kofi za a ɗauka ba, amma kowa ya san mutuncin ƙasashe biyu ne a kan fili.

Ranar wasan ruwa ake tsugawa, fili ya zama taɓo. Duk da haka gari ya fito kaf. Igiya ce kawai tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa.

Kyaftin ɗin baƙin, Ambrose Tetlow, ƙato ne mai izgili. Tun kafin a busa usur ya dubi Lachlan sama da ƙasa ya ce, "Kai ne zakaran nasu? Yau za ka koma bakin rininka, ɗan ƙauye."

"Sannu da hanya," shi ne kawai abin da Lachlan ya ce.

Wasa ya yi zafi, aka tafi hutu ana kunnen doki. Da aka dawo, Lachlan ya yanke Tetlow ya wuce, jama'a suka kwashe da dariya. Abin ya ci wa Tetlow rai. Da suka sake haɗuwa, sai ya ƙyale ƙwallo ya zabga masa gwiwar hannu a fuska.

Lachlan ya zube, jini na tsiyaya daga hancinsa.

Nan take igiya ta tsinke. Mutane suka kwararo fili da sanduna da duwatsu. Baƙin suka arce, amma santsi ya kwashe Tetlow ya faɗi, aka yi masa zobe.

Lachlan ya ɗago yana ganin jiri. Zuciyarsa na tafasa, kuma ya san idan ya ci gaba da kwanciya, za a rama masa har fiye da kima. Ya miƙe da ƙyar, ya kutsa, ya tsaya a kan Tetlow ya ware hannuwa.

A sahun gaba har da mahaifin Lachlan, tsoho Hamish, sanda a sama.

"Matsa, ɗan nan! Ba ka ga fuskarka ba?"

"Na ji a jikina, Baba. Amma mu muka gayyace shi. Duk mai son taɓa shi, ya fara da ni."

"Kai wane irin yaro ne? Kashe ka ya so yi!"

"To hancina ne ko naku? Ku koma ku bar mu mu ƙarasa wasa."

Can tsohon ya sauke sandarsa, sauran ma suka ja da baya suna gunaguni. Baƙin suka dawo fili, aka ci gaba da wasa.

Dab da tashi, Lachlan ya buga wata ƙwallo ta wuce gab da turken gola. A lokacin ba a sa raga, ga ruwa ya rufe ido. Alƙalin wasa ya ce bai gani ba ko ta ciki ta bi ko ta waje. Fili ya sake ɗaukar hayaniya.

Tetlow ne mafi kusa da turken. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ta shiga. Da idona na gani."

Golansu ya cakumi rigarsa. "Ka haukace ne? Yi mana shiru!"

"Sake ni. Na ce ta shiga."

Da wannan shaida aka bai wa 'yan gida nasara. Da Tetlow ya zo fita, tsoho Hamish ya tare shi a bakin igiya. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cire hularsa don girmamawa ya ba shi hanya.

Darasi: Idan ka samu damar ramawa ka haƙura, kana iya mayar da maƙiyinka mai ba da shaida a kanka da alheri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin fushi a gidan kallon ƙwallo.