Ƙafar Tela

Malaminmu bawan Allah ne na haƙiƙa, masanin Maganar Ubangiji, ma'abocin taƙawa da tawali'u, wanda ya tsufa a hidimar Almasihu ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ni mai wanki da guga ne, mafi ƙanƙanta a cikin ɗalibansa, kuma abin da zan faɗa da idona na gan shi.

A bayan majami'armu akwai wani tela, gwauro, mai kaifin harshe, wanda gyambo ya cinye masa ƙafar dama, wadda da ita yake taka keken ɗinki. Ba ya shiga majami'a, danginsa kuma sun watse saboda wari da zagi. Malam ya ce mu riƙa wanke masa ciwon kowace safiya. Da farko jama'a suka yi ta rububi, kowa da ranarsa, amma kafin damina ta fita an bar mu mu biyu: Malam yana wanke ciwo, ni ina dafa tsummokaran ɗauri, in shanya, in goge.

Na gaji, ba zan ɓoye ba. Warin ya bi ni har gida, matata ta ce ko tufafin mutane na taɓa sai ta ji shi. Tela kuwa bai taɓa ce mana sannu ba. In ruwa ya yi zafi ya zage mu, in ya huce ya ce rowar gawayi muke yi. Shekara ta zagayo ciwo sai gaba yake yi, har likita ya ce babu makawa sai an yanke ƙafar, ya sa rana.

Ana gobe za a yanke, Malam ya tashi da zazzaɓi. Na same shi a bakin gado yana fama da takalmi.

Na ce, "Baba, don Allah ka kwanta. Me za mu wanke a ƙafar da gobe za a yar?"

Ya ce, "Yau dai tasa ce, ɗana. Ɗauko butar."

Na ce, "Ni kam na gaji."

Ya ce, "Ni ma. Ai ba a ce sai wanda ya huta zai yi alheri ba."

Da ƙyar ya durƙusa a ɗakin tela, ya wanke ciwon a hankali yadda ya saba, bai rage komai ba. A ranar nan tela bai yi zagi ba, ya juya fuska ga bango ya ce, "Malam, ku daina wahalar banza." Malam ya ɗaure, ya ɗora tafinsa a kai, ya ce, "Ya Ubangiji Yesu, ka ga iyakar ƙarfinmu." Addu'ar ke nan duka, kuma sai da na ɗaga shi kafin ya iya miƙewa.

Washegari ni na raka tela asibiti. Da aka kwance ɗaurin babu wari, ramin da jiya nake kau da kai daga gare shi ya ciko da sabon nama ja wur. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce a mayar da shi gida. Na sheƙa na gaya wa Malam, sai ya ce, "Godiya ga Mai rahama. Ka dafa tsummokaran? Akwai wata tsohuwa mai gyambo a bayan kasuwa."

Yanzu Malam ya koma ga Ubangijinsa, butar ta dawo hannuna, gwiwoyina sun soma ciwo, wata safiyar ba na ko son tashi. Tela har yau bai ce ya gode ba. Amma shi ke yayyanka mana tsofaffin zannuwan gado don ɗaurin ciwo, ya kalmashe bakinsu, yana mita wai ban iya guga ba. In na jiyo ƙarar kekensa ta bayan katanga, sai in laluba takalmina.

Tsarki ya tabbata ga Maɗaukaki, wanda ba ya gajiya. Ya ƙara wa Malam hutawa, mu kuma gajiyayyu ya ba mu ƙarfin da za mu tashi gobe.