Ranar da Inna Ta Kira Sunan Ɗan Fari

Akwai wani manomin rani a bakin tafkin Madarumfa, ana kiransa Mahaman. Shi ne ɗan fari wurin mahaifiyarsa, Inna Saratu. Saboda kunyar ɗan fari, kakarsa ce ta raine shi, kuma Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa.

Shi kuwa Zakari, autanta, har ya yi gemu tana ajiye masa fura. Mahaman ya shekara hamsin yana kallo, abin yana cin ransa.

Wata safiya ya shiga gaishe ta, sai ta ce, "Mahaman, zo zauna nan kusa."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Daga ranar kullum sai ta kira sunansa, su yi ta dariya. Ya ce a ransa, ashe shi ma rabonsa ya zo.

Sai Zakari ya same shi a lambu yana ban ruwa. "Yaya, Inna ba lafiya. Jiya sau uku ta sa gishiri a miya. Ga sunanka tana faɗa gaban mutane. Mu kai ta gidan likita, ana gwada tunanin tsofaffi."

Mahaman ya ajiye guga. "Da take kiran naka shekara da shekaru, lafiya lau take. Yau ta kira nawa, ta zama marar lafiya? Hassada ce, Zakari."

Ya hana a kai ta. Aka yi wata huɗu a haka, har ranar da Inna ta manta tukunya tana kan wuta, ta kama ta da hannu, ta ƙone. Dole suka kai ta.

Bayan an ɗaure hannun, ma'aikaciyar jinya, Maryama, ta zauna gabanta. "Inna, riƙe min abu uku: gero, tulu, akuya. Zan tambaye ki anjima."

Ta tambaye ta yau wace rana, Inna ta ce Juma'a, alhali Talata ce. Ta tambaye ta damina ake ko rani, Inna ta hau gyaran mayafinta. Da aka koma kan abubuwa ukun, tulu kaɗai ta tuna.

Maryama ta nuna Mahaman. "Wannan fa, wane ne?"

"Ƙanena ne, Mahaman."

Ƙanen nan ya rasu shekara talatin da suka wuce. Sunansa aka sa wa ɗan farin.

"To ɗanki na fari, yaya sunansa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba 'yar nan, ai ba a faɗa." Sai ta juya ga Mahaman, ta rage murya. "Kai ka sani. Duk ranar da na dafa kifi, tsokar nake cirewa in aika wa kakarsa, in ce kada ta gaya masa daga ina take. Yana ci kuwa? Na ga ya rame."

Mahaman ya tuna kwanon kifin nan na gidan kaka. Bai taɓa tambayar inda yake fitowa ba. Da ƙyar ya ce, "Yana ci, Inna."

Maryama ta ce gwajin bai yanke hukunci ba, ya dai nuna akwai abin bincike. Ta rubuta masu takardar zuwa babban asibitin Maradi, ta ce kada a ƙara barin Inna ita kaɗai da wuta.

A ƙofa Mahaman ya kasa kallon ƙanensa. "Ka yafe min. Hannun nan ni na ƙona shi."

Zakari ya ce, "Gobe kai za ka zauna kusa da ita a mota. Da kai take sakin jiki."

Darasi: Hassada tana sa mutum ya ji shawarar ɗan'uwa kamar zagi. Idan tsohonka ya fara sake hali ko yawan mantuwa, ka kai shi a gwada da wuri, ko da sabon halin ya yi maka daɗi. Ku tura wa duk mai tsoho a gida.